Yadda Ake Shirya Gida Kafin a Saka Ɗan Haya na Farko

Gidan da mutum yake zaune a ciki yana tafiya da haƙurin mai shi. Ka san famfon da sai an murɗa shi sau biyu yake daina ɗigo, ka san ƙofar da sai an ɗaga ta take rufuwa. Ɗan haya bai san waɗannan ba, kuma ba zai koya ba, waya zai ɗauka ya kira ka. Ranar da makulli ya bar hannunka, shiga gidan ma sai da izini, gyara kuwa sai an kawar da kayan mutane. Saboda haka duk abin da za a gyara, a rubuta ko a bincika, lokacinsa shi ne yanzu da gidan yake babu kowa. Ka ware wa aikin makonni 4 zuwa 6.

Abubuwan da za ka tanada

- Fayil guda na takardu: shaidar mallaka, takardar bashin banki idan da bashi ka saya, rasit na harajin gida, takardun inshora, da garantin duk wata na'ura da ke gidan. Ka ɗauki hoton kowace takarda ka adana a waya ko kwamfuta.
- Waya mai kyamara mai kyau, da littafin rubutu.
- Tocila, tsani, tef ɗin awo, sukudireba, fensir, bokiti, leda mai kauri da salatef.
- Na'urar gwada soket. Idan babu, cajar waya ko ƙaramar fitila za ta nuna maka ko wuta tana zuwa, amma ba za ta nuna ko an haɗa wayar ƙasa, wadda ke kare mutum daga jan wuta, daidai ba.
- Sababbin makullai na ƙofofin waje, na'urar gano hayaƙi, da tukunyar kashe gobara.
- Lambobin mai gyaran famfo, mai gyaran wuta, kafinta da magini, biyu-biyu daga kowane fanni. Ranar da bututu ya fashe ba ranar fara cigiya ba ce.

1. Fara da tambayar ko kana da damar bayarwa

Mallakar gida ba ita kaɗai ke ba da izinin saka haya ba. Idan da bashin banki ka saya, karanta takardar bashin. Sau da yawa bashin da aka bayar don mutum ya zauna da kansa yana hana saka ɗan haya sai da amincewar bankin a rubuce. Idan gidan yana cikin bene ko rukunin gidaje mai ƙungiyar mazauna, duba ƙa'idarsu. Idan gado ne ko da wani kuka haɗa hannu kuka saya, kowa ya sa hannu kan wanda zai karɓi kuɗi da wanda zai yi magana da ɗan haya.

Daga nan sai dokar haya ta inda gidan yake, don ta sha bamban daga ƙasa zuwa ƙasa, wani lokaci ma daga gari zuwa gari. Abubuwa biyar za ka nema: ko ana buƙatar rajista ko lasisi, iyakar kuɗin ajiya da ɗan haya ke bayarwa jingina da inda za a ajiye shi, tsawon wa'adin sanarwar tashi, ƙa'idar ƙarin haya, da hanyar da doka ta shimfiɗa ta fitar da wanda ya ƙi biya. Zama ɗaya da lauyan da ya saba da harkar gidaje ya isa ka sami amsoshin nan. Idan kuɗin lauya ya yi maka nauyi, je ofishin hukumar da ke kula da gidaje ko ƙungiyar masu gidajen haya.

2. Yi lissafi da alƙalami, ba da ka ba

Kuskuren sabon shiga shi ne ya ninka hayar wata sau 12 ya ce ribarsa ke nan. Mu ɗauka hayar wata 100 ce, da kowane irin kuɗi kake amfani. A shekara 1,200. Cire wata guda da gidan zai zauna babu kowa tsakanin mai tashi da mai shigowa, saura 1,100. Ware 120 na gyare-gyare. Idan dillali ne zai kula da gidan a kan kashi 10 cikin 100, 110 sun tafi. A ce inshora da harajin gida sun ci 150. Abin da ya rage 720 ne. Idan kana biyan banki 55 duk wata, wato 660 a shekara, abin da zai shiga aljihunka 60 ne kacal, kuma harajin kuɗin shiga bai taɓa shi ba tukuna. Maye gurbin waɗannan lambobi da naka na gaskiya.

Kafin kowa ya shiga, ka tara ajiyar da ta kai hayar wata 3 aƙalla, wadda ba za ka taɓa ba sai don gidan. Buɗe masa asusun banki nasa shi kaɗai. Kuɗin haya da ya gauraya da na cefanen gida ba a sanin inda ya shiga.

3. Binciki gidan kamar kai ne za ka saya

Nan ne za ka ɓata lokaci, kuma ya cancanta. Bi daga sama zuwa ƙasa, kana rubuta duk abin da ka gani.

Rufi da bango. Hau ka leƙa cikin silin da tocila da rana tsaka: duk inda haske ya ratso, ruwa ma zai ratso. Tabo mai launin ƙasa-ƙasa a silin alamar yoyo ce, kuma ramin ba lalle ya kasance daidai saman tabon ba, don ruwa yana bin katako ya gangara kafin ya ɗiga. Share magudanan ruwan rufi. Tsagar bango siririya kamar gashi galibi ta filasta ce. Wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko wadda ta kai milimita 5, injiniya za ka kira. Idan kana shakka, ja layin fensir a ƙarshen tsagar ka rubuta kwanan wata, ka dawo bayan makonni ka ga ko ta wuce layin.

Danshi iri biyu ne, maganinsu kuma ba ɗaya ba ne. Manna leda mai faɗin santimita 30 a kan wurin, ka rufe gefunanta huɗu da salatef, ka bar ta kwana 2. Idan raɓa ta taru a cikin ledar ta gefen bango, ruwan daga cikin ginin yake fitowa, ko daga ƙasa ko daga bututun da ya huje. Idan a wajen ledar ta gefen ɗaki ta taru, tururin ɗakin ne ba ya samun hanyar fita, iska ake buƙata. Wanda ya shafa fenti a kan danshi bai gano tushensa ba, kafin 'yan watanni fentin zai kumbura ya ɓare.

Ruwa. Rufe duk famfunan gidan, karanta mita, jira awa 2, sake karantawa. Idan ta motsa, akwai ɓoyayyen yoyo. Idan tanki gidan yake amfani da shi, cika shi ka yi alama a bakin ruwan da daddare, ka duba da safe. Zuba ɗan shuɗin wanki a tankin masai, kada ka ja ruwa. Idan launin ya bayyana a kwanon cikin minti 20, robar da ke toshe tankin ta mutu, abu ne mai araha amma yana zubar da ruwa dare da rana. Cika kowane wurin wanke hannu ka sake shi gaba ɗaya, ka shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙarƙashinsa, ɗigo ɗaya zai nuna. Kwarara bokiti a daɓen banɗaki ka ga ko ruwan yana bin magudana ko yana kwanciya a kusurwa. Warin kwata a gidan da ya daɗe a rufe sau da yawa ba lalacewa ba ce: ruwan da ke tsayawa a lanƙwasar bututu yana tare wari ne ya bushe, da ka zuba ruwa sai ya ɗauke. Nemo babban makunnin da ke tsayar da ruwan gidan duka, ka tabbatar yana juyawa. Idan gidan yana da ramin masai, a kwashe shi yanzu.

Wuta. Gwada kowace soket da kowane makunni. Soket mai baƙin tabo ko ɗumi ko wadda filogi ke lilo a cikinta, a canza ta. A akwatin rarraba wuta, danna maɓallin gwaji na na'urar da ke yanke wuta idan ta fara bin jikin mutum. Ya kamata ta yanke nan take. Ta gida galibi mai miliamfa 30 ce. Idan babu ita, a saka. Rubuta a jikin kowane makunni ɗakin da yake riƙe da shi. Sauran binciken, musamman idan wayarin ya tsufa, na ƙwararre ne mai lasisi, kuma ka karɓi rahotonsa a rubuce. Haka bututun gas da duk abin da ke ƙona shi. Waɗannan biyun ba wurin tsimi ba ne.

Ƙwari. Ƙwanƙwasa katakon ƙofa da na rufi da bayan sukudireba. Idan ya yi ƙara kamar ganga ko ka ga hanyar laka a jikin bango, gara ce. A yi feshi tun gidan yana fanko, a toshe ramukan ɓera da siminti da ragar ƙarfe.

4. Yi gyara bisa tsari

Jerin aikin shi ne: rufi, sai bututun ruwa da wayarin, sai filasta, sai fenti, sai daɓe, sai shara. Wanda ya yi fenti kafin mai famfo ya fasa bango zai biya mai fenti sau biyu. Sabuwar filasta tana son ta bushe sarai, wani lokaci makonni, kafin fenti ya hau ta. A tsohon gida sosai, kada a kankare tsohon fenti a bushe, don yana iya ƙunsar dalma, ƙurarta kuwa guba ce, musamman ga yara.

Fenti launi ɗaya mai haske a duk ɗakunan, irin wanda ake iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. Rubuta sunan launin da lambarsa a fayil, ka ajiye ragowar gwangwani guda don cike tabo nan gaba. Kashe kuɗinka a kan abin da hannu ke taɓawa kullum: famfo, hannun ƙofa, makunni, hinjis. Araha ba ta ado a nan, famfo mai arha shi ne zai fi kowa kiranka. Fitilun ƙawa da tayil masu tsada kuwa ba kasafai suke ƙara haya daidai da abin da suka ci ba. Idan kuɗi ya gaza, fara da abin da zai iya raunata mutum, sai abin da ke shigar da ruwa, kwalliya ta jira.

Kwashe kayanka duka. Ɗaki ɗaya da mai gida ya kulle da tarkacensa yana jawo ƙorafi da zargi fiye da amfaninsa.

5. Tsaro da inshora

Canza makullan waje ko da sabon gida ne, ba ka san magina da dillalai nawa ke riƙe da kwafi ba. Yanka saiti uku: biyu na ɗan haya, ɗaya naka. Kada ka rubuta adireshi a jikin naka, sa masa lamba kawai.

Na'urar gano hayaƙi a silin ake kafa ta, aƙalla ɗaya a kowane hawa, kusa da ɗakunan kwana, da tazarar santimita 30 daga bango da fitila. Kada a sa ta a saman murhu, za ta yi ta ƙara har a cire mata batir. Ana canza ta bayan shekara 10. Inda ake ƙona gas, itace ko gawayi a cikin gida, a ƙara na'urar gano iskar carbon monoxide, mai kisa da ba ta da wari ko launi. Idan tagogi suna da ƙarfen kariya, a bar aƙalla hanya ɗaya da za a iya buɗewa daga ciki idan gobara ta tashi.

Inshorar gidan da mai shi ke zaune a ciki ba lalle ta biya ba idan aka gano ɗan haya ne a ciki. Sanar da kamfanin, ka nemi ta masu ba da haya, wadda ta haɗa da gini da kuma diyya idan wani ya ji rauni saboda lahani a gidan. Kayan ɗan haya ba sa cikinta, ka gaya masa.

6. Sa farashi, ka tallata

Abin da ka kashe ba shi ke yanke haya ba, kasuwa ce. Nemo gidaje 5 ko 6 masu kama da naka a yanki ɗaya, ka fi ba da ƙarfi ga abin da aka kama su a kai, ba abin da aka fara tambaya ba. Kwaɗayin ƙari yana da tsada: idan ka dage sai 110 gidan ya zauna wata biyu babu kowa, 1,100 za ka samu a shekarar, da ka bayar a 100 nan take, da 1,200 ne.

Ɗauki hotuna da rana, tagogi a buɗe, daga kusurwar ɗaki. Faɗi gaskiya a talla: yawan ɗakuna, yanayin ruwa da wuta, wurin ajiye mota, kuɗin da za a biya kafin shiga. Aibin da ka ɓoye za a gan shi a makon farko. Idan da dillali za ka yi aiki, ku rubuta ladansa, da ko aikinsa ya tsaya ga kawo mutum ne ko har da karɓar haya da kula da gyara. Kada ka bari ya zaɓa maka ɗan haya ba ka ga takardunsa ba, don shi ladansa ya riga ya fita ranar da aka sa hannu.

7. Tantance wanda zai shiga

Duk wahalar da ka sha a baya tana iya rushewa a nan. Gidan da ya ƙara zama wata guda babu kowa asararsa sananniya ce. Wanda ya shiga ya daina biya, fitar da shi ta kotu yana iya cin watanni, ga kuɗin shari'a, ga gyaran da zai bari. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Ba kowane mai nema takarda iri ɗaya ya cike: cikakken suna, katin shaida, wurin aiki ko sana'a, yawan waɗanda za su zauna, gidajen da ya zauna a baya da lambobin masu su, da izininsa a rubuce na ka bincika. Ma'aunin da aka saba da shi shi ne kada haya ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da yake samu. Nemi takardar albashi ko bayanin asusun banki na wata 3 zuwa 6. Mai sana'ar kansa ba shi da takardar albashi, sai ka dubi shigar kuɗi a asusunsa na tsawon lokaci. Wanda bai taɓa haya ba, kamar ɗalibi ko sabon ma'aikaci, ya kawo mai tsaya masa, wanda shi ma za a tantance shi ya sa hannu.

Kira wurin aikin ta lambar da ka nemo da kanka, don wadda aka rubuta maka tana iya zama ta aboki. Kira mai gidansa na yanzu, amma ka fi sauraron na baya: na yanzu idan ya gaji da mutum zai iya yabonsa don ya rabu da shi. Tambayoyin gajeru ne. Yana biya a kan lokaci? Yaya ya bar gidan? Za ka sake ba shi?

Yi hattara da mai gaggawar shiga yau, mai tayin ƙarin kuɗi don a tsallake bincike, da wanda labarinsa ke canzawa. Ɗan'uwa ko aboki ma ya bi ta hanyar da kowa ya bi, don kunyar tambayarsa haya ta fi kunyar ba shi takarda ya cike. Ma'auninka ya tsaya ga iya biya da riƙon amana. Ƙin mutum saboda ƙabila, addini, launi ko naƙasa zalunci ne, kuma dokokin ƙasashe da yawa suna hukunta shi.

8. Rubuta yarjejeniya

Ko da doka ta amince da ta baki, rubuta. Kada ka kwafo ta wata ƙasa daga intanet, sharaɗin da ya saɓa wa dokar wurinka ba ya aiki ko da an sa hannu. Ta ƙunshi sunayen duk manyan da za su zauna, adireshi, ranar farawa da ƙarewa, adadin haya, ranar biya da asusun da za a tura, da abin da zai biyo bayan jinkiri. A fayyace wanda ke biyan ruwa, wuta da kwasar shara. Gyaran da ke kanka da wanda ke kansa. Ko zai iya fenti, huda bango, kiwon dabba, yin sana'a a gidan ko saka wani a madadinsa. Yadda za a ƙara haya. Wa'adin sanarwar tashi ga kowane ɓangare. Da sanarwar da za ka bayar kafin ka shiga dubawa, wadda a wurare da yawa ba ta gaza awa 24 ba sai da larurar gaggawa.

Kuɗin ajiya amana ne a hannunka, ba riba ba. Rubuta adadinsa, abin da za a iya cirewa a ciki, da kwanakin da za a mayar bayan tashi. A bambanta tsufa da ɓarna: fentin da ya dushe bayan shekaru naka ne, ƙofar da aka ɓalle tasa ce. Ku karanta tare, kowa ya sa hannu a kowane shafi gaban shaidu, kowa ya riƙe kwafi.

9. Ranar miƙa makulli

Kafin ranar, rubuta takardar yanayin gida ɗaki bayan ɗaki: bango, daɓe, silin, taga, ƙofa, soket, famfo, da duk kayan da ka bari. "Yana da kyau" ba bayani ba ne. Rubuta "tayil ɗaya ya tsage a gefen ƙofar kicin", ka ɗauki hotonsa daga nesa da kusa. Ɗauki bidiyon zagaye gidan duka, da hoton kowace mita lambobinta suna fitowa sarai.

Kada makulli ya fita sai an sa hannu kuma kuɗin ya zauna a asusunka. Hoton shaidar tura kuɗi ba kuɗi ba ne, duba asusun da kanka. Zagaya da ɗan hayar, ku bi takardar layi-layi, ya ƙara abin da ya gani, ku sa hannu da kwanan wata. Nuna masa babban makunnin ruwa, akwatin wuta da inda ake rufe gas, ya gwada da hannunsa. Danna na'urar hayaƙi a gabansa. Rubuta yawan makullan da ka ba shi, ka ba shi rasit, da takarda guda mai lambarka da ta wanda zai kira idan ba a same ka ba.

10. Watannin farko

Ba shi kwana 7 ya kawo duk abin da ya gano bayan ya fara kwana a gidan, a rubuce. Duk maganar gyara ko kuɗi da kuka yi ta baki, bi ta da saƙo a ranar. Yoyon ruwa, matsalar wuta, warin gas da ƙofar waje da ta ƙi kulluwa a ranar ake zuwa musu, sauran ka faɗi ranar da za a zo kuma a zo. Idan haya ta yi jinkiri, tuntuɓe shi washegari cikin ladabi. Wanda ya yi shiru a watan farko ya sauya ranar biya da kansa. Komai ya yi zafi kada ka canza makulli, ka yanke ruwa ko wuta, ko ka fitar da kayansa, don a yawancin ƙasashe kai ne za ka koma mai laifi. Sa ranar dubawa ta farko bayan wata 3, da sanarwa, ka tafi da tocila da kwafin takardar yanayin gida, ka fara da ƙarƙashin wurin wanke-wanke da silin ɗin banɗaki.